Kafet ɗin gaban motata ya ƙi bushewa, daga ina ruwan nan yake shigowa?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na zo neman shawara. Motata ƙirar 2009 ce, shekara huɗu tana hannuna, kuma ƙananan gyare-gyarenta ni nake yi a gida: juyen baƙin mai, canjin fulogi, matatar iska da makamantansu. Sati uku ke nan kafet ɗin gaba, wajen ƙafar mai zaman banza, kullum a jiƙe. Na shanya, na goge, na bar ƙofa a buɗe wuni guda, bayan kwana biyu ka taka ka ji caɓal. Yanzu har wari ta fara, irin na jiƙaƙƙen tsumman da aka manta a bokiti. Da safe gilasai duk sun yi gumi ta ciki. Uwargida ta ce ba za ta ƙara shiga gaba ba sai na gano bakin zaren.

Ɗan Autan Direbobi: Wa alaikumus salam. Yaya, wannan ai esi ne, ko tantama babu. Bututun da yake zubar da ruwansa ne ya toshe. Ka hura masa iska, shi ke nan.

Abban Sadik: Ni kuma na ce robar ƙofa ce ta mutu. Tawa haka ta yi. Na sayi gam ɗin silikon na bi duk gefen ƙofar na shafe, na huta.

Maman Walid: Baban Ilham, kafin komai buɗe durowar gaba ka zaro matatar iskar esi da ke bayanta, ka taɓa ka ji ko a jiƙe take. Minti biyu ne aikin.

Tsohon Bakanike: Yara, ku yi a hankali, kowa ya kawo maganinsa ba a ga ciwon ba. Ruwa ba ya tsami banza. Baban Ilham, amsa min abu uku tukuna. Ruwan fari ne tas ko yana da launi? In ka murza shi tsakanin yatsu biyu yana da santsi? Kuma yaushe yake ƙaruwa, bayan ruwan sama, bayan wanki, ko bayan doguwar tafiya da esi a kunne? Ruwa iri uku ne yake iya sauka a wannan gurbin: na esi, na sama, da na lagireto wanda yake zagayawa ta hita, mai ɗumama cikin mota, a bayan dashbod. Kowanne da inda ake kama shi. Wanda na fi jin tsoro shi ne na ukun.

Ɗan Autan Direbobi: Baba, ai mai sauƙi ne, ya ɗan lasa. In da zaƙi to na lagireto ne.

Injiniya: A'a, Ɗan Auta, don Allah kada ka ƙara ba wani wannan shawarar. Zaƙin da kake magana na sinadarin etilin gilaikol ne da ke cikin kulant, wato ruwa mai launi da ake zuba wa lagireto, kuma guba ne, ƙoda yake lalatawa. Zaƙin nasa ne ma ya sa yake da haɗari ga yara da kyanwa da kare, shi ya sa ba a barin sa a buɗaɗɗen mazubi, in ya zube a ƙasa kuma a wanke wurin. Baban Ilham, ɗauki farar takardar goge hannu ka danna a kafet ɗin. In ta ɗauko kore, ja-ja, ruwan lemo ko shuɗi, to kulant ne. Sauran alamun hita mai yoyo: wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi in ka kunna fankar ciki, da wani maiƙo a gilashin gaba ta ciki wanda in ka goge sai ya dame maimakon ya fita.

Baban Ilham: Na gwada yanzu. Takardar ba launi, sai dattin kafet. Ba santsi. Amma gaskiya in faɗa muku, tun da na canza tiyon sama bara, ruwan famfo nake zuba wa lagireton, don haka ko shi ne ma ba lallai ya nuna launi ba.

Injiniya: To ka ga matsalar. Ka ɓatar da shaidar da hannunka.

Abban Sadik: Injiniya kada ka tsorata bawan Allah. Shekara nawa muna zuba ruwa zalla? Kulant ai na ƙasashen da ruwa yake daskarewa ne. Inda ba ƙanƙara me za a yi da shi? Ni har tamostat, abin nan da yake tsare ruwa sai injin ya yi zafi, na cire, motata ba ta taɓa obahitin ba.

Injiniya: Abban Sadik, hana daskarewa ɗaya ne cikin ayyukansa uku, kuma ga mai zama a wuri mai zafi shi ne mafi ƙanƙanta. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. In aka haɗa shi rabi da rabi da kulant sai ya kai wajen 107. Sai kuma murfin lagireto, duba samansa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wato matsin da yake riƙewa ke nan. Da murfi mai 1.1 wannan haɗin yana haura 125 kafin ya tafasa. Injin kuwa a wajen 90 yake aikinsa, ka ga akwai tazara mai kyau. Aiki na uku shi ne babba: sinadaran hana tsatsa. Cikin injin akwai ƙarfe, akwai alminiyam, ruwan famfo kuma yana ɗauke da gishiri-gishiri da yake daskarewa a jikin bututu kamar yadda kake gani a gindin butar shayi. Hita ita ce mai mafi siraran hanyoyi, ita take fara toshewa ko hujewa. Kuma don a ciro ta a motoci da yawa sai an kwance dashbod gaba ɗaya.

Batun tamostat kuma, cire shi ba ya maganin zafi, ɓoye dalilin zafin yake yi. Injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, birenbos, wato kwamfutar motar, zai ɗauka har yanzu safiya ce ya riƙa ƙara mai, ka sha mai da yawa, baƙin mai ya yi saurin lalacewa.

Abban Sadik: Wannan duk karatun littafi ne. Mu a titi muka koya.

Tsohon Bakanike: Abban Sadik, ni ma a titi na koya, a ƙarƙashin mota ma, kuma a nan Injiniya ya fi ka gaskiya. Na sha kwance wata-famfo, wato famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji, in tarar fuka-fukanta tsatsa ta cinye sun zama kamar haƙoran tsoho, tana juyawa ba ta tura komai. In ka tambayi mai motar sai ya ce ai bai taɓa barin ta ba ruwa. Gaskiya ne, ruwan ne ya ci ta. Amma mu dawo kan kafet, kada a bar jaki ana dukan taiki.

Baban Ilham, gobe da safe kafin ka tayar da mota, injin a sanyaye, ka samu alƙalami ka ja layi a jikin farar robar ajiyar ruwa daidai inda ruwan ya tsaya. Ka yi zirga-zirgarka kwana uku, ka sake dubawa da safe. In bai sauka ba, hita ta fita daga zargi. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto injin da zafi, na ga wanda fuskarsa ta saluɓe a kan wannan. Na biyu, yau ɗin nan ka ajiye ta a busasshen siminti, ka kunna esi minti goma sha biyar, ka leƙa ƙasa daidai bayan injin ta ɓangaren da yake jiƙewa. In ka ga ruwa yana ɗiga, bututun a buɗe yake.

Maman Walid: Na dai ce a duba matatar nan.

Ɗan Autan Direbobi: Hajiya, matata ai ƙura take tarewa, ina ruwanta da ruwa.

Baban Ilham: Barkanmu da warhaka. Ga rahoto. Esi yana zubar da ruwansa ƙasa yadda ya kamata, har ya yi ɗan tafki a simintin, Ɗan Auta ka faɗi. Layin da na ja kuma yau kwana huɗu ruwan bai motsa ba. Sai dai da na leƙa na ga salansa ma tana ɗigar da ruwa da safe, wannan fa?

Injiniya: Wannan lafiya ce. Ƙona lita ɗaya ta fetur yana samar da ruwa kusan lita ɗaya, a matsayin tururi. Da safe salansa da sanyi, sai tururin ya koma ruwa ya ɗiga, in ta yi zafi ya daina. Abin tsoro shi ne farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa ko bayan injin ya yi zafi, ga ruwan lagireto yana raguwa. Wannan gasket ɗin kan inji ne ya lalace. Naka layin bai motsa ba, ka kwantar da hankalinka.

Tsohon Bakanike: Madalla. Saura ruwan sama da na wanki. Yanzu ka saurare ni da kyau, don nan ne mutane suke ɓata motocinsu. Yawancinku kun ɗauka mota kamar tulu aka yi ta, a toshe ko'ina ruwa ya rasa ta inda zai shiga. Ba haka take ba. Masu ƙera ta sun san ruwa sai ya shiga, abin da suka yi shi ne suka buɗe masa hanyar fita. Dubi ƙofa. Robar nan da gilashi yake gogawa in yana sauka ba ta hana ruwa wucewa, rage shi kawai take yi. Duk ruwan saman da aka yi, wani yana gangarawa cikin ƙofar, ya sauka ƙasa, ya fita ta wasu ƙananan ramuka biyu ko uku da ke gindinta. Tsakanin ƙarfen ƙofar da kwalin da kake gani ta ciki kuma akwai wata leda da aka manna da baƙin gam mai danƙo, aikinta ta mayar da ruwan cikin ƙofa. Haka kwarin da ke ƙasan gilashin gaba inda waifa suke, duk ruwan gilashin can yake taruwa, yana da magudana hagu da dama da suke zubarwa bayan tayoyin gaba. Mai tagar rufi kuma yana da siraran tiyo huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, suna bi ta cikin ginshiƙai su fita ƙasa. In aka kawo min mota goma masu jiƙaƙƙen kafet, mafi yawansu ba wata sabuwar ɓaraka ba ce, tsohuwar mafita ce ta toshe.

Shi ya sa silikon ɗin Abban Sadik yake ba ni tsoro. Wani zai ga ramukan gindin ƙofa ya ce yauwa ga ɓarakar, ya cike su. Bayan sati ya riƙa jin ruwa yana kwal-kwal in ya rufe ƙofa, bayan shekara gindin ƙofar ya kumbura da tsatsa.

Abban Sadik: Baba ni ban toshe ramukan ƙasa ba, gefe na bi.

Tsohon Bakanike: To Allah ya taimake ka. Amma ka je ka duba, ka tsokana su da ɗan tsinke.

Baban Ilham: Baba yaya zan gano ko ƙofa ce ko kwarin gilashi? Tawa ba ta da tagar rufi.

Tsohon Bakanike: Aikin mutum biyu ne. Ka cire robar dokin ƙofa, ka ɗaga kafet ɗin ka naɗe shi baya, ka tsane ƙarfen ƙasa ya bushe ƙayau. Ka barbaɗa hoda ko garin alli a jikin ƙarfen, daga ƙarƙashin dashbod har gefen dokin ƙofa, duk inda ruwa ya bi zai bar sawu. Kai ka zauna ciki da tocila, ƙofofi a rufe. Wani ya riƙe tiyo a waje, ruwan ya riƙa zuba a hankali kamar na sama, ban da matse bakin tiyo. Ku fara daga ƙasa ku yi sama: gindin ƙofa, sai gilashin ƙofa, sai kwarin waifa, sai gefen gilashin gaba, rufi a ƙarshe. Kowane wuri ku ba shi kamar minti biyar. In kuka fara daga rufi ruwa zai jiƙa ko'ina lokaci ɗaya, ba abin da za ku gane. Kuma kada ka yarda da inda ka ga ya taru, ruwa yana iya shiga ta nan ya bi waya ko ƙarfe ya je ya ɗiga can.

Rewaya: In za ka ɗaga kafet sosai sai ka kwance kujera, to a nan nake da magana. A ƙarƙashinta akwai soket mai launin rawaya, na jakar iska ne, wadda take buɗewa in an yi haɗari. Kashe mota, zare makulli, cire kan batir na negetif, ka jira 'yan mintuna kafin ka taɓa shi. Kuma kada ka kunna makulli soket ɗin a cire. Sannan ka duba da kyau, motoci da yawa babbar igiyar wayoyi ta gefen dokin ƙofa take bi, wasu har da ƙaramin akwatin kwamfuta a ƙarƙashin kafet. In ka ga kore-kore a bakin soket, ruwa ya riga ya fara cin tagullar. Irin wannan ne mota za ta fara hauka, gilashi ya ƙi sauka, lok ya riƙa buɗe kansa, a yi ta canza fis ba a san daga ƙasa abin yake ba.

Baban Ilham: Jama'a, gani ya kori ji. Da na ɗaga kafet ɗin sai da na riƙe baki. Samansa ɗan danshi ne kawai, amma soson da ke ƙarƙashinsa, mai kaurin yatsa biyu, ya sha ruwa ya ƙoshi. Na matse shi a bokiti na sami kusan lita biyu, baƙi, mai ɗoyi. Ashe duk shanyar da nake yi saman kawai nake busarwa. Wayoyin dai lafiya, ba kore.

Muka yi gwajin tiyo ni da babban ɗana. Gindin ƙofa shiru. Yana ɗora ruwa a gilashin ƙofa, ko minti biyu ba a yi ba na ga wani siririn layi ya tsaga hodar, yana fitowa daga ƙarƙashin kwalin ƙofa, ya haye doki ya gangara ciki. Na kwance kwalin. Ledar nan da Baba ya faɗa a yage take tun daga tsakiya har ƙasa, an maƙale ta da selotef wanda ya riga ya saki. Kuma kafin ku tambaya, ni ne. Shekara biyu da suka wuce na canza sifikun ƙofa da kaina, ledar ta tare min hanya na sa reza. A lokacin na ɗauka don ƙura aka sa ta.

Ɗan Autan Direbobi: Hahaha Yaya, ashe ɓarawon a cikin gida yake.

Baban Ilham: Bari kawai. Biyu daga ramukan gindin ƙofar ma laka ta toshe su, da na tsokana sai da ruwa ya tsiyaye min a ƙafa.

Tsohon Bakanike: Samu leda mai kauri ka yanka daidai tsohuwar. Gam ɗin kuma ka nemi baƙin nan mai kama da igiya wanda ba ya bushewa, butil ake ce masa, shi suke sawa tun daga kamfani. Ka goge ƙarfen ya fita tas kafin ka manna. Ka lura da gindin ledar, akwai inda ake cusa shi cikin wata tsaga domin ruwan da ya bi jikinta ya koma cikin ƙofa. In ka manna shi a waje ka yi aikin banza.

Baban Ilham: An gama, na sake gwadawa, ko ɗigo. Na gode ƙwarai. Zan mayar da kafet gobe.

Injiniya: Kada ka yi gaggawar mayarwa. Soson nan yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe har ciki, fumfuna kuwa kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta ta kama abu mai danshi. Ka bar ƙarfen a buɗe har a yi ruwan sama ko ɗaya ka gani.

Baban Ilham: Injiniya Allah ya saka da alheri da ka hana ni. Tsugune ba ta ƙare ba. Jiya da daddare aka kwana ana ruwa, da safe na tarar da ruwa kwance a ƙarfen, ya kai rabin kofi. Ɓangaren ƙofa a bushe, hodar ba ta motsa ba. Wannan karon sawun daga sama yake, daga ƙarƙashin dashbod, ta bayan durowa. Abin da ya ɗaure min kai, ranar gwaji mun zuba ruwa a kwarin waifa bai shigo ba.

Maman Walid: Baban Ilham. Matatar.

Baban Ilham: Hajiya, na zaro ta yanzun nan. Sharkaf. Ta yi baƙi ta lanƙwashe, har da ruɓaɓɓen ganye a kanta. Ki yafe mu.

Maman Walid: Tun ranar farko na faɗa, Ɗan Auta ya ce ina ruwan matata da ruwa. Ba ilimin kanikanci gare ni ba, abin ya taɓa samuna ne. Ƙarƙashin bishiya nake ajiye mota saboda inuwa. Ganye da ƙura suna bi ta ramukan baƙar robar da ke gindin gilashi, su ruɓe su zama laka, su toshe magudanar. A cikin kwarin nan kuma akwai bakin da esi yake shaƙar iskar waje, an ɗan ɗaga shi sama kamar bakin rijiya. In ruwa kaɗan ne yana samu ya tsiyaye a hankali, shi ya sa tiyonku na minti biyar bai nuna komai ba. In aka kwana ana ruwa sai kwarin ya cika ya haura bakin, ya bi ta kan matata, ya sauka kan fankar esi, ya zube a ƙafar mai zaman banza. Ni sai da fankar tawa ta fara kuka kafin a gano.

Ɗan Autan Direbobi: Hajiya na sara miki. Na janye.

Tsohon Bakanike: Hajiya ta gama magana, ni ma da na bi ta tata tun farko da mun rage hanya. Baban Ilham, kafin ka cire hannun waifa ka manna ɗan tef a gilashi daidai inda kowanne yake kwanciya, in ba haka ba wajen mayarwa za ka sha wahala. Ka cire notin, ka ɗan girgiza hannun ya saki, sannan ka ɗaga baƙar robar a hankali, ƙananan maƙallanta da sun tsufa karyewa suke yi. Kwashe lakar da hannu tukuna, kada ka tura ta cikin magudana. Sannan ka zura wani abu mai laushi, irin igiyar roba mai ɗan tauri, ban da wayar ƙarfe. Ka zuba ruwa jarka guda ka ga ya fito da gudu ta bayan taya, hagu da dama. Ga masu tagar rufi ma haka, kuma ban da hura iska mai ƙarfi, tana iya fizge tiyon daga mazauninsa a cikin rufi, ka tashi daga toshewa ka koma kwance silin.

Baban Ilham: Na kwashe laka ta cika ledar hannu, har wani ɗan tsiro na samu ya fito a kusurwa. Yanzu ruwa yana wucewa kamar an buɗe famfo. Na sa sabuwar matata. Tunda bonet a buɗe yake ina tunanin in wanke injin gaba ɗaya, ya yi ƙura sosai. Sai kuma warin nan, me zan sa? Wani ya ce bilic.

Rewaya: Injin dai, in ka ji tawa, tsumma da buroshi sun ishe ka. Rabin motocin da ake kawo min suna rawa bayan wanki, ruwa ne ya cika ramin fulogi ya jiƙa kwayil. In ka nace sai ka wanke, injin ya huce tukuna, ka rufe altaneta da akwatin fis da bakin shaƙar iska da leda, kuma ban da injin feshi mai ƙarfi a kan soket.

Abban Sadik: Ni kam duk wata ake fesa min nawa, da garin sabulun wanki ma, jiki da injin duka. Tana ƙyalli.

Maman Walid: Tana ƙyalli yanzu. Abban Sadik, tsaya da ita a rana ka dubi bonet ta gefe, za ka ga zane-zane kamar saƙar gizo-gizo. Garin sabulu don ya cire maiƙo aka yi shi, yana tafiya da man kariyar da aka shafa wa fenti, ƙwayoyinsa da ba su narke ba kuma suna karta. Ni bokiti biyu nake ajiyewa, ɗaya na sabulun mota ɗaya na ruwa zalla. Duk shafa ɗaya sai na ɗauraye tawul ɗin a na biyun kafin in mayar da shi cikin kumfa, yashin ya zauna can. Daga rufi nake farawa in yi ƙasa, tayoyi da tsummansu daban, kuma a inuwa, jikin motar da sanyi.

Injiniya: Hajiya ta yi daidai. Fentin mota gaba ɗayansa, tun daga ƙarfe har sama, yawanci bai wuce maikiron 100 zuwa 150 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya), farin saman mai ƙyalli kuma wajen 40 zuwa 50 ne, bai kai kaurin gashin kai ba. Duk gogewar da aka yi da busasshen tsumma a kan ƙura daga cikinsa ake ragewa. Kashin tsuntsu ma kada a bar shi ya kwana biyu a rana, yana cin wannan saman, a jiƙa shi ya yi laushi a ɗauke, ban da kankarewa.

Baban Ilham, bilic kuma a'a. Zai ɓata launin kafet, yana sa ƙarfe tsatsa, kuma in ya haɗu da wani abin goge-goge mai amoniya ko da binega yana fitar da iska mai guba, ga mota wuri ne rufaffe. Ka fitar da kafet ɗin waje ka wanke da sabulu mai laushi da buroshi, ka ɗauraye sosai, ya sha rana. Soson in ya riga ya yi baƙi kuma warin ya ƙi fita, yanke wannan ɓangaren ka sa sabo, ba ya wankuwa. Ƙarfen ƙasa ka goge, in akwai inda tsatsa ta fara ka kankare ka shafa fenti kafin ka rufe. Turare kuma ka bari sai wari ya tafi, in ka haɗa su abin ya fi muni.

Tsohon Bakanike: Tunda kana kan ƙofofi, ka wanke robobinsu ka shafa musu man silikon. Ban da baƙin mai, ban da giris, irin robar nan kumbura take yi ta yi laushi in man fetur ko danginsa ya taɓa ta. Kuma ka zubar da ruwan famfon nan na lagireto, ka ɗauraye, ka sa kulant irin wanda littafin motarka ya ce. In mai kauri ne da ake sirkawa, da tataccen ruwa za ka sirka, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗin ba fa.

Abban Sadik: Na duba ramukan gindin ƙofata kamar yadda Baba ya ce. Ɗaya silikon ya gangara ya rufe shi. Na cire. Kulant dai har yanzu ban yarda ba.

Baban Ilham: An yi ruwa sau biyu, na jiya ma mai ƙarfi, ƙarfe a bushe ƙayau. Na mayar da sabon soso da kafet da kujera, uwargida ta koma gaba. Sai dai Malam Rewaya, ina da laifi. Da kujerar take waje na manta na mayar da kan batir na kunna makulli don in gwada fankar esi. Yanzu na haɗa soket ɗin rawayan, ya shiga har ya yi ƙas, amma fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa a dashbod. Ina da 'yar ƙaramar na'urar karanta kuskure da nake haɗawa da waya, na sa ta ce ba komai.

Rewaya: Na dai faɗa. Kwamfutar ta ga soket a cire ta rubuta, kuma a motoci da yawa ba ta gogewa da kanta. Irin ƙaramar na'urarka ta injin kawai take karantawa, ba ta shiga ɓangaren jakar iska. Kai ta wurin mai babbar kwamfuta ya karanta lambar tukuna kafin ya goge, a tabbatar ta kujerar ce ba wata ba. Kada ka bari wani ya cire maka ƙwan fitilar, kuma kada ka sa mita a wayoyin nan masu rawaya. Ka je da wuri, muddin fitilar tana kunne ba ka da tabbacin jakar za ta buɗe.

Ɗan Autan Direbobi: Baba, tunda ana nan, ni ma na ɗaga safaya taya ɗazu na tarar da ruwa a ramin, har jak ya yi tsatsa. Daga ina zan fara?

Tsohon Bakanike: Kwashe kayan but ɗin, ka cire kwalin da ke bayan fitilun baya, ka samo hoda da wanda zai riƙe maka tiyo. An taɓa bugun motar ta baya?